Hukuncin Mai Riƙon Marainiya Da Ya Ce Sai Wanda Ya Zaɓa Mata

Tambaya: Malam, tun rasuwar yayana ni ke riƙon 'yarsa, ci da sutura da kuɗin makaranta duk a kaina. Na zaɓa mata ɗan abokina, ta ce ba ta so, sai na dakatar da kuɗin makarantar. Uwargidana ta ce ashe dama son iko ne, ba tausayi ba. Ina da laifi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Abin da ke zuciyarka Allah ne masani, kuma sau da yawa tausayi da son iko kan cuɗanya a zuciya ɗaya. Sai dai ranar da aka ƙi bin maganar mai taimako ake gane wanne ya rinjaya, kuma abin da ka yi a ranar bai yi maka kyakkyawar shaida ba.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, baffa ba ya aurar da budurwa sai ta balaga kuma ta yarda. Riƙon da ka yi bai mayar da kai mahaifi ba. Gaskiya ne mazhabar ba ta wajabta maka ciyar da 'yar ɗan'uwa ba, sadaka ce da sada zumunta. Amma mayar da sadakar sandar tilastawa gori ne da cutarwa, waɗanda aya ta 264 a Suratul Baƙara ta bayyana suna ɓata ladan sadaka. Wato shekarun ɗawainiyarka kake shirin zubarwa.

Dubi Sayyidina Abubakar. Misɗahu ɗan'uwansa ne matalauci, shi ke ciyar da shi, amma ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya daina ba shi komai. Da aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka, nan take ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Shi Abubakar mutuncin 'yarsa aka taɓa. Kai kuwa yarinya haƙƙin da shari'a ta ba ta kawai ta riƙe.

Ka biya kuɗin makarantar kafin zangon nan ya wuce ta, ba tare da sharaɗi ba. In akwai wanda take so, kuma kana da wani dalili na addini ko hali game da shi, ka zauna da ita da mahaifiyarta ka faɗa, a matsayin shawara. Wallahu a'alam.