Aikin da Ba Ya Ƙarewa: Laifin Na'ura ko na Mutum?

Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraren kiɗa na Zune masu gigabait 30, ƙirar kamfanin Microsoft, suka sandare a ko'ina cikin duniya. Manhajar da ke lissafin kwanan wata ce ta faɗa zagayen da ba shi da mafita. An umarce ta da ta riƙa cire kwanakin shekara guda daga jimilla muddin ragowar ta haura 365, amma in shekarar mai kwana 366 ce, kada ta cire sai ragowar ta haura 366. A ranar ƙarshe ta 2008 ragowar ta tsaya cif a kan 366, ta yi yawa a fita, ta yi kaɗan a rage. Na'urar ta yi biyayya sau da ƙafa, ta yi ta maimaita tambaya ɗaya har batir ya mutu. A ganina laifin yana wuyan wanda ya ce a fara aiki bai tabbatar da inda za a tsaya ba.

Malaman tauhidi sun daɗe da sanin wannan matsala. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya san hujjar kore daur da tasalsul: idan samuwar abu ta rataya a kan wani, shi ma a kan wani, ba iyaka, ko kuwa ta kewayo ta dawo kan na farko, to babu abin da zai samu ko kaɗan. Zagaye marar mafita haka yake, domin an rataya amsa a kan sharaɗin da ba zai taɓa cika ba. Abin yakan fi muni idan aka cusa zagaye cikin zagaye. Uku a cikin juna, kowanne sau 1,000, maimaici biliyan ɗaya ke nan. A harsunan rubuta manhaja na C da Python kuma, umarnin ficewa zagayen ciki kaɗai yake katsewa, na waje ya sake tayar da shi. In na cikin ya taɓa ƙidayar na waje, sai a yi ta tafiya ba a matsawa.

Wani zai ce ai rashin ƙarewa ba aibi ba ne, tunda malaman nan sun yarda ni'imar Aljanna ba ta da ƙarshe, kuma kwamfutocin da ke riƙe da intanet an gina su ne don su yi ta aiki dare da rana. Gaskiya ne, sai dai akwai bambanci. Irin waccan kwamfuta a kowane zagaye tana karɓar buƙata, ta biya ta, ta jira wata, kuma mai ita yana da hanyar tsayar da ita. Amfaninta bai jira ƙarshe ba. Abin ƙi shi ne zagayen da duk amfaninsa yana bayan ƙarewarsa, alhali ba zai ƙare ba.

Wani kuma zai ce a ƙera manhajar da za ta riƙa gano irin wannan zagaye, kowa ya huta. A 1936 masanin lissafi Alan Turing na Ingila ya nuna akwai tambayoyi game da aikin na'ura da babu wata hanyar lissafi da za ta amsa su a kowane hali, kuma tambayar ko manhaja za ta tsaya tana cikin irinsu. Kayan bincike suna kama wasu kurakurai, ba za su kama duka ba. Turing ɗin ne a 1949, a Kambirij, ya nuna abin da ya rage wa mutum: ya fito da wani adadi da ke raguwa a kowane zagaye, wanda ba zai yi ta raguwa har abada ba. Da an yi wa lissafin Zune wannan tambaya, da an ga cewa a 366 babu abin da ke raguwa.

Hausawa na cewa komai nisan dare gari zai waye, amma a cikin kwamfuta ba ya wayewa sai an rubuta masa. Don haka mai rubuta manhaja, kafin ka buɗe kowane zagaye ka amsa tambaya uku: me ke raguwa, ina iyakarsa, me zai faru a kan iyakar kanta? In ba ka da amsa, kada ka buɗe shi.