Jinin Uwa, Jinin Uba: Tunani a Kan Amosanin Jini

Duk sa'ad da hunturu ya sauko a ƙauyukanmu na wajen Bichi, Tsanyawa da Kunchi, akwai gidajen da ba a barci a cikinsu. Yaro yana kuka dukan dare saboda zafin ƙashi, idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura ta wajen saifa. In ya rasu, ƙanensa kuma ya bi shi, sai a ce uwar mai wabi ce, ko kuwa mayu sun kama kurwar 'ya'yanta. Wanda ta haifa daga baya a raɗa masa Ajuji, wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Sau da yawa ƙarshen zancen shi ne dangin miji su ce jinin matar ba shi da kyau. Tambayar da ke gabanmu ita ce: laifin wa ne, mene ne kuma ya wajaba a kanmu yanzu da muka san abin da iyayenmu ba su sani ba?

Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ce gado yana cikin jini. Inda suka kasa shi ne wurin ɗora wa mace ita kaɗai. Bari mu duba abin da binciken likitoci ya nuna. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, ɓargon ƙashi ne kuwa yake ƙera jajayen ƙwayoyinsa. A cikin kowace ƙwaya akwai sinadarin da ake kira himogulobin, mai ɗaukar iska mai kyau daga huhu zuwa dukan gaɓoɓi. Lafiyayyar ƙwaya kewayayya ce mai laushi, takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai amosanin jini kuwa, in iska ta ragu a cikinta, sai ta taurare ta tanƙware kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Toshewar ita ce zafin ƙashi, saurin mutuwar ƙwayoyin kuwa shi ne ƙarancin jini da shawara. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin wannan siffa a shekara ta 1910. Domin wannan, wanda ya kai irin wannan yaro wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga, yana rage masa abin da dama bai ishe shi ba.

Kowane ɗan Adam yana karɓar iri biyu na wannan sinadari, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai AA ya karɓi lafiyayye daga kowannensu. Mai AS yana ɗauke da irin lauje guda ɗaya, lafiyarsa ƙalau, yana noma yana sussuka, bai ma san yana da shi ba. Mai SS ya karɓi irin lauje daga uwa, ya kuma karɓa daga uba. Watau ba yadda za a yi mace ta haifi mai SS in babu rabon mijinta a ciki. In AS ya auri AS, sai mu ɗauka kowannensu yana riƙe da wake biyu a hannu, fari da ja, a kowane ciki kuwa kowa yana jefa ɗaya ido a rufe. Hanya ɗaya cikin huɗu ce ja zai haɗu da ja. Amma fa ana sake jefawa daga farko a kowane ciki, saboda haka wani gida zai haifi shida ba ko ɗaya, wani kuma uku a jere.

Me ya sa wannan iri ya yawaita a ƙasarmu? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro. An kuma ga haka nan kusa da mu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓi a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. An tarar cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, jarirai kimanin 2 cikin 100 ana haihuwarsu da SS, amma da ƙyar ake samun mai SS a cikin manya, gama yawancinsu suna mutuwa tun suna ƙanana. Ashe abin da muke kira la'ana garkuwa ce da ta tsare kakanninmu daga zazzaɓi har suka haife mu. Ba wanda ya zaɓi jininsa, don haka ba wanda za a kama da laifi.

Amma rashin laifi a jiya bai kawar da alhaki a yau ba. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin irin jini. Doka tana iya tilasta gwaji, ba ta iya tilasta gaskiya. Wanda ya sayi takardar ƙarya, ko iyayen da suka ɓoye sakamako domin an riga an karɓi sadaki, sun ci amanar wanda za a aura, sun kuma ci amanar yaron da ba a shawarce shi ba. Dokar Ikilisiya ta 1983 ba ta lissafta AS cikin abubuwan da ke hana aure ba, amma sashe na 1098 ya nuna cewa auren da aka samu ta hanyar yaudara game da wani hali da zai iya dagula zaman aure ƙwarai, ba aure ba ne.

To, in saurayi da budurwa sun san su duka AS ne, suna kuwa ƙaunar juna? Wani zai ce ƙauna ta isa, haihuwa kuma ta Allah ce. Gaskiya ne, amma manomin da ya dogara ga Allah ba ya ƙin zaɓen iri. Ba mu da ikon tsine wa waɗanda suka yi shawara da idonsu a buɗe. Duk da haka wajibi ne mu faɗa musu a fili cewa nauyin mafi girma ba a kansu zai sauka ba, a kan ƙashin ɗansu ne, su tambayi kansu ko suna da ƙarfin zuwa asibiti a Kano da tsakar dare shekara da shekaru. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi gwajin tun yara suna makaranta, kafin zuciya ta kamu, kafin a kai gaisuwar iyaye.

Akwai kuma wani haɗari. Kada garin gudun cutar mu koya wa mai ita cewa haihuwarsa kuskure ce. Yin hattara kafin aure abu ɗaya ne, karɓar wanda ya riga ya zo abu ne dabam. Darajar mutum ba a siffar ƙwayar jininsa take ba. Yau yaro mai SS yana iya girma ya yi karatu ya yi aure, in ya sami gidan sauro, allurar rigakafi, ruwan sha da yawa, rigar sanyi, da magungunan da likita ya rubuta, irin su penisilin da Hydroxyurea, wanda aka gwada a kan yara a Asibitin Malam Aminu Kano aka ga yana rage haɗarin shanyewar jiki. Wata rana kuma zai bukaci ƙarin jini, masu ƙarfi a cikinmu kuwa suna iya bayarwa, gama ɓargo yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Saboda haka, 'yan'uwa, bari kowane magidanci ya kai iyalinsa gwaji bayan kaka, surukai su daina zargin matan 'ya'yansu, ƙungiyoyin matasa na kowace majami'a su rubuta sunayen waɗanda suka yarda su ba da jini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyayensu haƙuri, mu kuma ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya. Amin.