Ƙazuwa, Kunyar Wa?

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gida ke jingine da gida, yaro mai ƙazuwa ya kan sha gori. A kan ce ƙazantar uwarsa ce ta fito a jikinsa. Don haka uwa ta kan rufe shi da riga, ta yi shiru. Shin wannan hukunci daidai ne?

Wani ɗan ƙwaro ne, wanda ido bai cika gani ba, ke haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai. Ba ruwansa da mai tsabta ko ƙazami. Cunkoso ya ke bi, tabarma ɗaya, mayafi ɗaya. Wanda ya ɗauka karon farko ya kan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗawa. Ashe mai gorin kansa watakila yana ɗauke da ita.

Maganinta ma na gayya ne. In aka shafa wa yaro shi kaɗai, sai ta dawo. Tilas a yi wa gida duka rana ɗaya, a wanke tufafi da ruwan zafi. In kuwa aka bar ta, ƙurajen su kan yi mugunya, har ciwon ya taɓa ƙoda. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Lalle kunyar tana kan mai gori, domin bakinsa ne ya hana uwa zuwa asibiti. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ruwa ya kamata ya ɗebo.