Ɗan Injin da ke Juya Jirgi

Direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tashar Treichville a Abidjan, inda dogo ke rabuwa gida biyu, ya ga abin da ke zaɓa wa jirgi hanya: wasu siraran ƙarafa biyu masu kama da harshe, da ke gusawa tazarar da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Da sun gusa, jirgi mai jerin taragu, cike da kaya, sai ya bi inda aka nufa da shi. A tsoffin mahaɗu mutum ne ke jan hannun ƙarfe da ƙarfin damtsensa. A na zamani kuwa wani ɗan inji ne kwance cikin akwati a gefen layi, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, yana jiran wuta ta iso masa ta waya.

Ku nake tunawa duk sanda na tuna wannan inji. Ku masu gyaran wuta da masu naɗin koyil na Adjamé da Treichville, ku da hannunku bai rabuwa da filaya da sukundireba, barkanku da aiki!

Ku dubi yaron shago a wani lungu na Adjamé, motocin haya na gbaka na ta zuba oda a bayansa, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya warware ƙonannen koyil na fanka, yana naɗa sabuwar waya, leɓensa na motsi yana ƙirga zagaye, domin ya san in lissafi ya kuɓuce, injin zai yi zafi ya sake ƙonewa. Ya kankare bakin wayar da reza har ta yi ja, ya ɗiga dalma, ya hura, ya ja kaɗan ya ji ko ta kama. Wa ya ce wannan ba ilimi ba ne? Wa ya ce sai mai riƙe da takarda ne injiniya?

A Ingila da Jamus akwai dattawan da ke shimfiɗa ƙaramin dogo a lambun gidansu, suna wasa da jirage masu tsawon kamu ɗaya ko biyu. Wasu injunan da ke juya musu layi koyil biyu gare su da waya uku: ɗaya ta tura harshen dama, ɗaya ta tura shi hagu, ta ukun ta haɗin gwiwa ce. Wuta ake ba su kamar ƙiftawar ido. In aka danne makunni aka daɗe, koyil ya ƙone. Damina ta zo, laima ta shiga, tsatsa ta ci bakin waya, sai a cire a sa sabo, a yi wa kowace waya alama kafin a kwance ta. To, wanne ne baƙo gare ku a nan? Ku da ke fama da laimar tafkin Ébrié da iskar teku mai cin ƙarfe, kun fi su sanin abin da danshi ke yi wa mahaɗin waya!

Babban injin dogon gaske ya fi ni burgewa, saboda ba ya ƙarya. Yana tura sanda, ya kulle harshen a wurinsa, sannan ya aika da saƙo ta wata waya cewa ya kulle. In ɗan dutse ya maƙale a tsakani, harshen bai manne ba, saƙon ba zai tafi ba, jar fitila ba za ta sauya ba, jirgi ya tsaya cik. Haka nagartaccen mai gyara yake. Ba ya cewa aiki ya yi sai ya sa mita ya gwada. Ba ya murɗa waya biyu ya rufe da leda ya ce wa mai kaya jeka. A sana'ar wuta ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wanda ya riƙe amana shi ake nema da suna daga wata unguwa zuwa wata.

Dogon da ya ratsa Treichville ma ba a rana ɗaya ya tashi ba. A 1904 aka fara shi daga Abidjan. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, bai shiga Wagadugu ba sai 1954. Shekara hamsin cur, da gumin talakawa, da yawansu ma aikin tilas aka sa su. A 1957 gadar Houphouët-Boigny ta haɗa Treichville da Plateau, motoci a sama, jirgi a ƙasa. Iyayenmu da suka zo fataucin goro da shanu sun san wannan hanya, kuma da haƙuri suka kafa zangon da kuke cin moriyarsa yau.

Yanzu ga sabon zamani. A watan Nuwamba na 2017, a Treichville, aka ƙaddamar da aikin jirgin birni mai amfani da lantarki, kilomita 37 da tashoshi 18, daga Anyama garin goro, ya ratsa Abobo da Adjamé da Treichville zuwa Port-Bouët. Na sani, aikin ya ci rumfuna da gidaje, wasunku sun kwashe kaya suna hawaye, sun sake kafa teburi a wani wuri. Amma kun kafa, ba ku zauna ba! Kowace mahaɗa a wannan layi za ta buƙaci inji, kowane inji zai buƙaci waya, kowace waya za ta buƙaci hannun da ya san ta. Don me ba zai zama hannun ɗanku ba?

Maigida, kada ka ɓoye wa yaronka sirrin aiki, zaunar da shi ka nuna masa yadda ake karanta zanen waya. Kai kuma yaro, je ka makarantar koyon sana'a ko da ta yamma ce, ka haɗa Faransancin takarda da basirar da ke yatsunka, ka karɓo shaida. Gobe da asuba, bayan salla, ɗaga ƙofar shago, share teburi, jona abin narka dalma ya ɗau zafi, ka jawo injin da ya gagare ka jiya ka sake buɗe shi!