Shin Lissafi Yana Kore Albarka?

Da la'asar sakaliya, lokacin da 'yan dako ke janye dilolin atamfa daga bakin layi ana shirin rufe shaguna a Kantin Kwari, 'yan kasuwa kan kasu gida biyu. Wani zai jawo littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur, ya sa yaronsa ya karanto masa alat ɗin da suka shigo waya, shi kuma yana bi da biro: turmi nawa ya fita, wa ya biya, wa ya ce sai mako mai zuwa. Wani kuwa zai kwashe abin da ke durowa ya cusa a aljihu, ya yi hamdala, ya ja ƙofa. In aka tambaye shi dalilin da ba ya rubutu, amsarsa a bakinsa take: “Arziki na Allah ne. Yawan ƙirge yana cire albarka.”

Wannan magana tana da tushe, bai kamata a yi watsi da ita haka kawai ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa bayan wafatin Manzon Allah (SAW) tana da ɗan sha'ir a ɗakinta, ta daɗe tana ɗiba tana ci bai ƙare ba, sai da ta auna shi sannan ya ƙare. Yayarta Asma'u kuma an hore ta da ta riƙa ciyarwa ba tare da ƙididdigewa ba, don kada ita ma a ƙididdige mata. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Wanda ya taso yana jin waɗannan labarai a zaure, ba abin mamaki ba ne in littafin lissafi ya yi masa kama da ƙarancin tawakkali.

Sai dai a cikin Buharin nan, a sashen saye da sayarwa, akwai hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, inda aka umarci mutane su riƙa auna abincinsu, aka kuma ɗaura albarka a kan awon. Hafizi Ibnu Hajar ya kawo yadda malamai suka sulhunta hadisan a sharhinsa Fathul Bari: awo a wajen ciniki abin nema ne, saboda haƙƙin mutum biyu ya rataya a kansa, awo a wajen ciyarwa kuwa sau da yawa rowa ce ke kawo shi, shi ya sa aka ƙi shi. Sha'irin Nana A'isha nata ne ita kaɗai, babu mai bin ta ko tiya ɗaya a ciki.

To kuɗin da ke cikin durowar ɗan kasuwa fa, nasa ne shi kaɗai? Da wuya. Rabin kayan da ke kan kanta bashi ya ɗauko a wajen dila, sai ya sayar ya kai. A cikin jarin akwai kuɗin wata gwaggo da mijinta ya rasu, ta ba shi ya juya mata a raba riba, abin da littattafan Malikiyya ke kira ƙirali. Akwai yaron shago da ya shekara bakwai yana jiran sallama. Akwai ajiyar maƙwabci, akwai zubin adashi. A saman duk waɗannan akwai rabon talaka, wanda Allah da kansa ya yanka. Mutumin da ke riƙe da haƙƙin jama'a haka, in ya ce ba zai ƙirga ba, da dukiyar wasu yake tawakkali, su kuwa ba su ba shi wannan izini ba.

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ta yi maganar marubuci mai adalci, ta ce wanda ake bi shi zai shifta abin da za a rubuta, ta nemi shaidu, ta hana ƙosawa da rubutun ko bashin kaɗan ne. Cinikin hannu da hannu kawai ta ɗauke wa wannan nauyi. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, Imam Ɗabari da Zahirawa suka ce wajibi ne. Ko da wanne aka ɗauka, hikimar tana fitowa fili a ranar jana'iza, lokacin da wani daga dangi ya miƙe ya yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Shari'a ta ce a biya bashi kafin a raba gado. In mamacin ya bar littafi, aikin na yini ɗaya ne. In bai bari ba, sai marayu su zauna suna kallon baƙin fuskoki, kowa da adadin da ya zo da shi, babu hanyar gane mai gaskiya, su kuma waɗanda mahaifinsu ke bi sun yi tsit.

A wajen zakka kuwa maganar ta wuce mustahabbi. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya ratsa ta cikinta, ta bambanta 'yan kasuwa iri biyu. Akwai mai ajiye kaya yana jiran farashi, kamar wanda ke sayen masara da kaka a Dawanau ya kulle a sito sai ta yi tsada; wannan sai ranar da ya sayar zakka ke hawa kansa, ta shekara ɗaya, ko da kayan sun jima a ajiye. Akwai kuma mudiri, mai juya kaya kullum, irin na Kwari da Singa da mai shagon kayan masarufi a unguwa. Shi wannan an ɗora masa ya tsayar da wata ɗaya a shekara, ya yi wa kayansa kuɗi da farashin ranar, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake da kyakkyawan zaton za a biya shi.

A ɗauki misalin mai atamfa da ya ƙirga kayansa ya tarar sun kai naira miliyan 35. A banki da durowa akwai miliyan 9. Yana bin amintattun abokan ciniki miliyan 8. Jimla miliyan 52. Dila na bin sa miliyan 12, kuma ba shi da wata kadara ta daban da za ta tsaya a madadin bashin, sai a cire. Saura miliyan 40. In wannan ya kai nisabi, wato ƙimar misƙali 20 na zinare, kimanin giram 85, sai ya fitar da ɗaya cikin arba'in: naira miliyan ɗaya cif. Kanta da fanka da janareto da keken ɗinki ba sa shiga lissafi, tunda kayan aiki ne, ba na sayarwa ba.

Babu yadda za a kai ga wannan adadi da kintace. Mai fitar da zakka da ido, “ga dubu ɗari biyar nan a raba”, wataƙila ya yi kyauta mai lada, amma bai san ko ya sauke farilla ba. Ƙa'idar usulu sananniya ce, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi.

Littafin yana kuma kare mai shi daga yaudarar kansa. A 2024, lokacin da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun sari katan a kan dubu goma, sun sayar dubu goma sha biyu suna murnar riba, da suka koma sari suka tarar ya zama dubu goma sha uku. In an ɗebi kuɗin cefane da na makarantar yara daga wannan “riba”, uwar kuɗi ake ci. Shago yakan rame a hankali, mai shi ya fara zargin yaronsa ko ya ce sammu ne, alhali da ya raba aljihun gida da na shago ya rubuta, da ya ga inda ruwan ke yoyo.

Daga nan sai a zo kan tambayar da ake yawan yi wa malamai a wajen tafsirin azumi: “Malam, gwamnati ta karɓi haraji a hannuna, shin na sauke zakka?” Amsar jumhurun malamai ita ce a'a, kuma Yusuf Alƙardawi ya tsawaita bayani a kan haka a littafinsa Fiƙhuz Zakati. Zakka ibada ce mai niyya, adadinta a yanke yake, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta zuwa kashi takwas. Haraji kuwa majalisa ke sa shi, ta ƙara ko ta rage, a yi titi da shi ko a biya albashi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba kowa ya biya kowa ya amfana.

Ko a takarda ma shafinsu daban ne. Zakka tana duban abin da mutum ya mallaka a ranar ƙirge. Harajin samu yana duban abin da ya ci riba a tsawon shekara. Mai atamfar nan zai iya faɗuwa a bana, haraji a kan riba ya sauka daga kansa, amma zakkar miliyan ɗayan tana nan daram. Tela ko makanike mai samu sosai, wanda iyali ke cinye abin da ya shigo kafin shekara ta zagayo, haraji zai iya hawa kansa ba tare da zakka ta hau ba. A dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsayar ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a samun shekara babu haraji a kansu, daga nan kaso ke hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 cikin ɗari ga masu babban samu. Mai sana'ar kansa hukumar harajin jiharsa yake biya, kuma ana cire kuɗin da ya kashe wajen gudanar da sana'ar, irin su hayar shago da sufuri da ladan ma'aikata, kafin a lissafa. Amma sai mai rubutu da rasit zai iya nuna abin da ya kashe. Wanda ba shi da su, jami'i zai dubi girman shago ya ƙiyasta masa. Harajin VAT kuma, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, kuɗin mai saye ne da ya ratsa ta hannun ɗan kasuwa. Hukuncinsa hukuncin amana ne.

Duk da haka, ƙyamar haraji a ƙasar Hausa ba daga jahilci ta fito ba. Kalmar kanta daga Larabci take, haraj, kuma Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu littafi sukutum a kan yadda za a karɓe shi ba tare da zalunci ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan Hausa da su. Zamanin Turawa da na En'e, dattawa har yau suna tuna yadda ake shanya magidanci a rana ko ya tsere daga gari saboda kuɗin haraji. Shi ya sa da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke harajin kai bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka ɗauke shi a matsayin 'yanci. Mai shayi ko mai kayan miya da ake yankar wa tikiti kala uku a mako, daga hannaye uku, bai san inda ko ɗaya ya nufa ba, wannan tsohon ciwo ake fama masa.

Malaman da suka halatta haraji bayan zakka, irin su Gazali da Shaɗibi, sun gindaya sharuɗɗa: buƙata ta gaskiya, baitulmali ya gaza, a ɗora gwargwadon ƙarfin mutane, a kashe a maslahar jama'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Sarkin Masar Ƙuɗuz ya so karɓar kuɗi a hannun jama'a don tarar rundunar Tattar, gab da yaƙin Ainu Jalut a 1260, Shaihu Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce sai manyan fada sun fara sayar da kayan adonsu tukuna. Tun kafin nan, Manzon Allah (SAW) ya zaunar da Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓo zakka, ya bi lissafinsa, ya kuma ƙi amincewa da abin da ya ware ya ce kyauta aka yi masa. Ashe littafin da ake nema a wajen ɗan kasuwa, ana neman irinsa a wajen mai karɓa. Jami'in da ya ce “kawo wani abu mu rufe maganar” da ɗan kasuwar da ya miƙa don a rage masa, su biyun sun haɗu sun ci haƙƙin wanda ba ya wurin.

Akwai ƙasashen da suka nemi hanyar sauƙaƙa wa mai biya biyu. A Malesiya, zakkar da mutum ya biya ta hannun hukuma ana cire masa ita daga harajin samunsa. A Saudiyya hukuma ɗaya ce ke karɓar zakka daga kamfanonin 'yan ƙasa da haraji daga rabon baƙi. A Sudan akwai Diwanin Zakka na gwamnati. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma ya dace malamai da 'yan majalisa su zauna su duba ko rasit ɗin waɗannan hukumomi zai iya rage wa ɗan kasuwa wani abu a wajen hukumar haraji. Hakan zai jawo zakka da yawa daga ɓoye zuwa inda za a iya bin sawunta.

Kafin a kai can, aikin yana hannun mai shago. Masu yi sukan zaɓi Sha'aban ko farkon Muharram, su rufe ƙofa rabi da safe, yara biyu su hau kanta suna sauko da kaya turmi-turmi, ɗaya yana kira ɗaya yana rubutawa. Turmin da ya kwana biyu ya dushe a ware shi gefe a yi masa kuɗin da zai iya sayuwa yau. Sai a buɗe shafin bashi a bi suna-suna: wannan zai biya, wannan ya yi tafiya ba labari, wannan ta rasu a yafe. Kafin azahar adadi ya fito a ƙasan shafi, maigida ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ya aiki yaro ya tambayo farashin giram ɗin zinare na ranar.