Wa Ke Da Hakkin Duhun Dare?

'Yan'uwa, mu mutanen Rano da Kibiya mun daɗe muna roƙon wutar lantarki, roƙonmu kuwa yana bisa hanya. Unguwarzomar da ke karɓar haihuwa da tocila ba ta bukatar wa'azi a kan kyawun duhu. Duk da haka akwai tambayar da ya kamata mu yi tun fitilu ba su game ko'ina ba: shin mutum yana da ikon shafe abin da bai halitta ba, wanda kuma ba nasa ne shi kaɗai ba? Taurari muke nufi.

Tun 2006 akwai wani shiri mai suna Globe at Night, inda 'yan sa-kai ke fita da dare, babu na'ura, babu albashi. Mutum ya ɗaga kai ya dubi wani gungun taurari, ya gwada abin da ya gani da taswirorin da aka ba shi, ya aika da rahoto. A 2023 masana suka auna irin waɗannan rahotanni fiye da 51,000, na 2011 zuwa 2022, suka tarar hasken fitilu a sararin sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Wato yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, ran da ya cika shekara 18 saura 100. Kowace shekara kaɗan ke ɓacewa, shi ya sa ba mai kuka.

Ikilisiya ma ta ɗanɗana wannan. Hasken birnin Roma ya kori masu binciken taurari na Fadar Paparoma zuwa Castel Gandolfo a shekarun 1930. Da ya bi su can, sai suka buɗe reshe a Tucson ta Amurka a 1981.

Yawancin rahotannin nan daga Turai da Amurka suka fito. Mu kuwa har yanzu Kaza da 'Ya'yanta suna bayyana sarai a ƙauyukanmu, manomi yana sanin asuba da Gamzaki, sai dai mun saba lissafa wannan cikin talaucinmu. A ganinmu kuskure ne.

Hasken da ya sauka a kan hanya ya taimaki mai tafiya. Wanda ya tashi sama bai tsare kowa daga maciji ko ɓarawo ba. Rabon jikokinmu kawai ya ci. Abin da ya raba su sau da yawa murfin kwano ne a bisa ƙwan fitila, wanda kowane maƙeri a kasuwar Rano zai iya yankawa. Kwamitin da zai kafa fitila mai aiki da hasken rana a harabar coci ko makaranta, sai ya fara tambayar ina za ta fuskanta, da ƙarfe nawa kuma za a kashe ta.