Ikon Allah a Cikin Barbarar Tsirrai

Tsarki ya tabbata ga Allah Mai hikima, wanda ko ciyawar bakin hanya bai bar ta babu tanadi ba. Dabba in lokacin haihuwa ya yi, da ƙafarta take neman abokin tarayya. Tsuntsu ya tashi sama, kifi ya bi ruwa. Ita kuwa bishiya, inda ta tsiro nan za ta tsufa, ba ta matsawa ko taku ɗaya. Amma ita ma ba ta samun iri sai an haɗa ɓangaren namiji da na mace. To wa ke kai saƙon?

A cikin fure ake ƙulla komai. Ɓangaren namiji yana fitar da wani gari mai laushi, galibi rawaya, wanda manoma suka sani da bununi a jikin gero da dawa. Ɓangaren mace kuwa wani ɗan tsinke ne mai danƙo a bakinsa, a gindinsa akwai mahaifa da ƙwayayen da ke jira. Isar garin nan bakin tsinken, ita ce barbara. In ta auku, ƙwan ya zama iri, mahaifar ta kumbura ta zama ɗan itace. In ba ta auku ba, galibi furen ya bushe ya faɗi, shi ke nan an yi asarar sa.

Masara ta fi kowace shuka sauƙin nuna wannan aiki, don ta raba ɓangarorin biyu a jikin kara guda. Furen namiji yana can ƙololuwa, macen kuwa ita ce goyon da ke gefe. Gashin nan da mai gasa masara ke fizgewa ya yar, kowane sili ɗaya yana manne da ƙwaya ɗaya. In goyo zai yi ƙwaya 500, to sili 500 ne suka leƙo waje. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, sai kan masarar ya dinga zubo da bununi, miliyoyi daga kara ɗaya, iska tana kwasa. Wanda ya faɗa kan sili sai ya tsiro, ya fitar da siririn bututu da ido ba ya iya gani, ya ratsa cikin silin har ya isa ga ƙwan. Tafiyar kan kai santimita 20 ko fiye, kuma cikin kamar kwana guda yake gama ta. Silin da bai samu rabo ba, gurbinsa ne kake tararwa giɓi a jikin masara. Shi ya sa farin da ya faɗo daidai lokacin fitar gashi ya fi na kowane lokaci ɓarna, kuma shi ya sa 'yar masarar da aka shuka layi ɗaya a bayan ɗaki takan fito tsilli-tsilli.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙwayoyin halitta biyu bututun nan yake ɗauke da su. Ɗaya ta haɗu da ƙwan, ta zama ɗan tsiron da zai fito in an shuka. Ɗayar kuma ta zama silar garin da ke kewaye da shi, wanda zai ci kafin ya yi saiwa da ganye. Garin nan shi muke niƙawa mu tuƙa tuwo. Tun fil azal mutane ke ci, amma sai a 1898 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Sergei Nawashin, ya hango yadda abin ke gudana.

Iska ita ce 'yar aiken hatsi. Da yake ba ta neman lada, furannin gero da dawa da masara ba su da ado, ba su da ƙamshi, ba su da zaƙi. Yawan bununi kawai suka dogara da shi. A Suratul Hijr, aya ta 22, Allah Ya siffanta iskoki da masu yin barbara, kuma malaman tafsiri irin su Ibnu Kasir sun fassara ta da barbarar girgije da ta itatuwa.

Dabino ma a asali da iska ya dogara, sai dai shi namiji daban mace daban, kamar yadda giginya da goriba da gwanda suke. Mai garka ba zai cika ta da maza marasa 'ya'ya ba, don haka tun zamanin da can mutum ya karɓi aikin da hannunsa. Namiji ɗaya kan ishi mata kamar 50. Daga Bilma da Ingal har Dutse, mai dabino yakan hau ya yanko furen namiji, ya tsattsaga shi, ya cusa a tsakiyar furen mace da zarar kwanson ya tsage. In ya yi sakaci, 'ya'yan su fito ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi. Haka mutanen Madina suke yi lokacin da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya iske su. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ya nuna musu ƙila ko ba a yi ba dabinon zai yi kyau, suka bari, amfanin bai yi kyau ba, da suka sanar da shi sai ya mayar musu da al'amarin, cewa su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Darasin da nake gani a nan shi ne, Allah Ya rataya amfani a kan sababi, kuma sanin sababin aiki ne da aka bar wa mai lura. Har a fiƙihu barbara tana da hukunci: a Muwaɗɗa Malik, wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa barbara, 'ya'yan nasa ne, sai fa in mai saye ya gindaya sharaɗi.

Mafi yawan sauran tsirrai kuwa sai sun biya lada. Launi da ƙamshi kira ne, ruwan zaƙin da ke gindin fure shi ne ladan. Ƙudan zuma, wanda aka sanya wa sura guda sunansa a Alƙur'ani, neman abincinsa kawai ya fito; bai san yana yi wa kowa aiki ba. Jikinsa duk gashi ne, yana shiga fure garin ya manne masa, ya faɗa na gaba ya goga. Yana ganin wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, kuma furanni da yawa suna da zane da wannan hasken kaɗai ke bayyanawa, mai nuna inda zaƙin yake. In ya samu wuri mai albarka, ya koma amya ya yi wata irin rawa da ke gaya wa 'yan'uwansa nahiya da nisa. Karl von Frisch, wanda ya warware ma'anar rawar, ya samu kyautar Nobel a 1973. Kankana da kabewa da guna, furen namiji daban suke fitarwa, na mace daban. Furen macen kankana yini ɗaya yake yi a buɗe, kuma sai zuma ya ziyarce shi sau da yawa a wannan safiyar. Kankanar da ta fito a karkace, gefe ɗaya a motse, sau da yawa ƙarancin ziyara ne ya jawo. Kaɗanyar da mata ke yin man kaɗe da ita, ita ma zuma take jira.

Da dare kuma wasu ma'aikatan ne ke fitowa. Furen kuka fari ne, babba, yana reto a kife; da magariba yake buɗewa, yana fitar da wani wari da mu ba mu so, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Ba don mu aka yi warin ba, don jemage ne. Haka jajayen ƙwallayen furen ɗorawa, da dare suke tara ruwan zaƙi, jemagu su sauka su lasa, su tashi da gari a gashin ƙirjinsu zuwa wata bishiyar. A Gana wasu masu bincike biyu, Baker da Harris, suka bibiyi wannan suka wallafa a 1957. Rimi ma haka yake. Jemagen da muke ƙyama, yara na harbinsa da danƙo, yana da hannu a cikin kalwar da ake daddawa da ita. Ina ganin mai shan miya ya kamata ya sassauta masa.

Amma in ana maganar al'ajabi, ɓaure ya fi gaban a wuce shi da sauri.

Ba wanda ya taɓa ganin furen ɓaure a reshe, kuma duk wanda ya fasa ɗan ɓaure ya san yakan tarar da ƙananan ƙwari a ciki. Mutane na ɗaukar ƙwarin nan aibi. Gaskiyar ita ce, in ba su, babu irin ɓaure. Abin da muke kira ɗan ɓaure wani ƙoƙo ne rufaffe, furanni ɗaruruwa na jere a bangonsa ta ciki. Iska ba ta shiga, zuma ba ya shiga. Ƙofa ɗaya ce, 'yar tsukukkiya a baki, kuma halitta ɗaya aka yi wa ita: wani ɗan ƙwaro dangin rina da zanzaro, da tsawonsa bai wuce milimita 2 ba.

Macen ce ke zuwa, ƙamshin ɓauren da ya isa barbara ne ke jawo ta. Tana kutsawa ta ƙofar, matsin ya karye mata fukafukai, ta shiga ba fita. A ciki sai ta bi furannin mata ɗaya bayan ɗaya. Tana da wasu aljihuna a ƙirji cike da garin da ta ɗebo daga ɓauren da aka haife ta, da ƙafafunta na gaba take ciro shi tana shafawa. Wasu furannin ta saka musu ƙwanta, wasu kuma su tsira su zama iri. Ta gama, ta mutu a nan. Bayan makonni sai mazan su fara ƙyanƙyashewa, marasa fukafukai, kusan makafi. Aikinsu biyu ne kacal a duniya: su sadu da matan tun suna cikin kwansonsu, sannan su huda musu hanyar fita. Daga nan su ma su mutu, ba tare da sun tashi sama ko sau ɗaya ba. A daidai wannan lokaci, ba kafin nan ba, furannin maza na ɓauren suke nuna. 'Yan matan ƙwarin su cika aljihunansu da gari, su fita ta hudar. Sai bayan sun tafi ɓauren ke yin laushi da zaƙi, tsuntsaye da jemagu su ci su watsa irin. Wa ya daidaita wa bishiya da ƙwaro wannan lokaci? Subhanallah!

Wadda ta fita, kwana ɗaya ko biyu ya rage mata a duniya, kuma dole ta samu wata bishiyar da 'ya'yanta suka isa. Sai ta hau sama ta bar wa iskar dare jan ragama. A wani bincike da aka yi a bakin kogin Ugab na Namibiya, aka wallafa a 2009, an tarar ƙwaron ya kai gari tsakanin bishiyoyin da tazararsu ta kai kilomita 160. Ɓaure da danginsa, irin su gamji da ceɗiya da durumi, sun haura nau'i 700 a duniya, kuma mafi yawansu kowanne da ƙwaronsa na musamman. Har a nan ma ba a rasa ɗan cin banza ba: a gabashi da kudancin Afirka akwai wani ƙwaron da ke shiga ɓaure ya saka ƙwai, yana da aljihunan amma ba ya ɗebo komai.

Me ke faruwa in ɗan aike bai zo ba? A Masar ana dasa irin ɓauren nan tun zamanin Fir'aunoni, amma da yake ƙwaronsa babu shi a can, ba ya yin iri mai tsirowa, sai dai a sari reshe a dasa. Kwakwar manja da aka kai Malesiya daga Afirka ta yi shekaru ana biyan leburori suna yi mata barbara da hannu, har sai a 1981 da aka shigo da wani ɗan ƙwaro daga Kamaru, wanda shi ne mai aikin a gida. Yana yaɗuwa, aka daina wahalar, amfani ya ƙaru. A wasu yankunan Sichuan na ƙasar Sin kuwa, mutane ne ke hawa bishiyoyin marmari da ɗan buroshi suna bin fure ɗaya-ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa ai rogo da rake da ayaba ba sa jiran kowa, dasa su ake yi. Haka ne, kuma gyaɗa da wake galibi kowane fure kansa yake yi wa barbara. Sai dai abin da aka dasa daga jikin uwa, uwar ce sak, da ƙarfinta da rauninta. Cutar da ta kayar da ɗaya za ta kayar da duka, kamar yadda ta faru ga ayabar Gros Michel, wadda cuta ta share gonakinta a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950. Barbara tsakanin shuka da shuka ita ke gauraya halaye, a samu mai jure fari, a samu mai jure cuta. Daga wannan bambancin kakanninmu suka zaɓo ire-iren gero da dawar da suka dace da ƙasarsu.

Rahoton da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2016 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure, da kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona, suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Ƙudan zuma da danginsa kaɗai sun kai nau'i 20,000. Rahoton ya kuma yi gargaɗin cewa suna raguwa a wurare da dama.

Don haka ina kira ga masu noman rani da na damina: in ba dole ba, kada a yi feshin maganin ƙwari gona tana cikin fure, in kuma ya zama dole, a bari sai yamma lis bayan zuma ya koma amya, kada a yi da safe. Masu ɗiban zuma su yi amfani da hayaƙi, su daina babbake amya da wuta. Tsohon ɓaure da kuka da ɗorawar da ke bakin gona, a bar su tsaye, kada a mayar da su gawayi. Iyaye kuma a hana yara harbin jemage.